Jan Mai a Ƙarƙashin Motar Baba

A daidai bakin ƙofar fita daga asibiti motar ta ƙi tafiya. Auta ta cire giya ta sake sakawa, ta taka totur, injin ya yi ta gurnani, amma motar ko motsi. Ƙofar kuwa mota ɗaya take ci, ginshiƙi a dama, ginshiƙi a hagu, ko murfin motar ba zai buɗu yadda mutum zai fita ba. Na baya suka fara danna hon. Mai gadi yana ta yi mata nuni da hannu kamar da gangan ta tsaya.

A kujerar baya mahaifinta ne jingine da filo, ɓarin jikinsa na dama a shanye, gumi yana bin wuyansa. Yanzu aka gama yi masa gashin ƙashi, a gajiye yake. Ya buɗe baki zai yi magana, harshen ya ƙi. Auta ta riƙe sitiyari da hannu biyu, idonta ya ciko.

Sai aka ƙwanƙwasa gilashi. Wani saurayi ne siriri, babban yatsansa naɗe da sabon bandeji. Bai tambaye ta komai ba, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya miƙe ya nuna mata yatsa jiƙe da wani mai ja.

Ya ce mata man giya ne ya tsiyaye, ta daina taka totur kada ta ƙone giyar. Ya yafito mai gadi da wasu mutum biyu, suka tura motar inuwa. Ya hau babur ɗinsa ya tafi, can ya dawo da galan da mazurari, ya ɗura man a hankali yana dubawa. Da ta saka giya motar ta ɗan girgiza ta ɗauka. Ya bi su a baya har gida.

A ƙofar gida sai da ya gaishe da Baba ya nemi izininsa kafin ya taya ta ɗaga shi zuwa kan kekensa. Wannan Auta ta lura da shi. Mutane da yawa ɗaukar Baba suke yi kamar buhu.

Da ta karɓi lambarsa ta tambayi sunan da za ta saka, ya ce a layin makanikai kowa Mai Giya yake ce masa.

"Ta mota fa," ya ƙara da sauri, "ba ta kwalba ba."

Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da mayafi. Ta manta rabonta da dariya.

Auta ita ce ƙarama a gidan, ita kaɗai kuma ta rage. Mahaifiyarta ta rasu, ba a daɗe ba ciwon ya kwantar da Baba. Yayyenta mata suna gidajen mazajensu, babban wansu yana wani gari da iyalinsa, yana kira a waya yana ba da umarni. Da farko an ce ta ɗan dakata da karatu har Baba ya ji sauƙi. Ɗan dakatawar nan ita ce ta zama shekaru.

Duniyarta ba ta wuce ɗakin Baba, kicin, da layin asibiti ba. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, ita kaɗai ke gane maganarsa. Ko wanka za ta shiga sai ta bar ƙofa a ɗan buɗe tana sauraron ƙararrawarsa. Samari sun zo, da sun ga keken a tsakar gida sai ƙafa ta ɗauke. Ba ta ƙin mahaifinta ko kaɗan. Amma wani lokaci takan tsaya jikin tagar kicin ta riƙe ƙarfen, ta kalli ɗan yankin titin da ake gani, har ruwan da ta ɗora ya ƙone.

Tsohuwar motar Baba ita ce kawai ƙofarta ta fita.

Washegari Mai Giya ya zo da akwatin kayan aikinsa. Baba ya sa aka turo shi bakin baranda don ya ga abin da za a yi wa motarsa. Saurayin ya ɗaga ta da jak, ya tokare ta da kyau, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Daga can yake yi musu bayani, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya ce a ƙasan giyar akwai wani kasko da man yake taruwa a ciki, tsakanin kaskon da jikin giyar kuma akwai wata siririyar roba, gaskit, ita ce ke hana yoyo. In ta tsufa sai ta bushe ta tsage.

Ya sassauta notocin ɓangare ɗaya tukuna, man ya gangaro cikin roba, sannan ya sauke kaskon. Ya kankare tsohuwar robar da ta manne, ya wanke kaskon tas, ya goge baƙin garin ƙarfen da ya taru jikin maganaɗisun da ke ciki, ya canza filta. Auta ce ke miƙa masa sifana saboda yatsan nasa. Da ya zo ɗaurewa sai ya riƙa bin notocin ɗaya nan ɗaya can, a hankali, ya ce wannan aikin ba ya son ƙarfi, in ka matse da yawa ka ɓata.

Baba ya yi wata magana. Auta ta fassara, wai haka mutane ma suke. Mai Giya ya yi dariya daga ƙarƙashin mota har ya buga goshi.

Kafin ya tafi ya saka sabon kwali a ƙasan motar, ya ce ta duba da safe ta faɗa masa.

Da safe ta tura masa saƙo: "Ina kwana. Kwali a bushe yake. Mun gode, Allah ya saka da alheri."

Ya amsa: "Alhamdu lillahi. A gaishe da Baba. Ita kuma direbar, ta karya kuwa?"

Ta daɗe tana kallon saƙon. Kowa Baba yake tambaya.

Daga nan saƙon kwali ya zama gaisuwar kowace safiya. Ya laƙaba mata Direbata, ita kuma take ce masa Injiniya. Yakan ba ta labarin masu motocin da ke zuwa garejinsa, ita kuma ta ba shi labarin layin asibiti. Ba a yi nisa ba wata safiya ta durƙusa ta ga ɗigo ja a tsakiyar kwalin. Gabanta ya faɗi, sai kuma ta kama kanta tana murmushi, ta ji kunyar kanta.

Ya zo ya duba, ya ɗan ƙara wa notocin ɗauri. Yoyon ya tsaya, ya sake dawowa. Ya ce ko robar ce ba ta da kyau, ya kawo wata ya sake aikin daga farko. Ran nan da ya gama yana wanke hannu a bakin famfo tana zuba masa sabulu, ya faɗa mata abin da ke ransa, kansa a ƙasa. Ya ce ba wasa ya kawo shi ba, aure yake so.

Auta ta kalli ƙofar ɗakin Baba.

"Injiniya, ni ba a aurena," ta ce a hankali. "Duk wanda ya ɗauke ni ya bar mutum a kwance. Kada ka ɓata lokacinka."

"Ban ce ki ba ni amsa yau ba, Direbata. Ki dai sani."

Ƙararrawar Baba ta kaɗa, ta ajiye sabulun ta shige.

Cikin wannan hali Yaya, babban wan nata, ya zo ganin gida. Wayarta tana kan tebur saƙo ya shigo, ya ga an rubuta Mai Giya, a ƙasa kuma "Na yi kewar muryarki." Gidan ya kusa tashi. Sai da ta yi ta rantsuwa cewa giyar mota ake nufi, har Baba yana ta girgiza da dariya a kan gado. Amma Yaya bai yi dariya ba. Ya fita ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga kwalin da jan ɗigo, ya tambayi sau nawa aka gyara.

Da ya ji, sai ya gyaɗa kai. Ya ce ai abin a fili yake, yaron nan da gangan yake barin yoyon don ya sami hanyar shigowa gida. Ya ce wanda zai yi wasa da motar da ake kai marar lafiya asibiti don ya ga mace, ba mutumin kirki ba ne. Sannan ya kawo tasa maganar. Abokinsa Mai Kemis, wanda suke sayen maganin Baba a wurinsa, ya daɗe yana son Auta. Zai aure ta, a samo wanda zai riƙa kula da Baba.

Dariyar Baba ta ɗauke. Ya yi ta ƙoƙari har maganar ta fito, kuma Auta ce dole ta fassara da bakinta. Ya ce ba Mai Kemis, ba bakanike, ba kowa. Ba yanzu ba. Kada wani ya sake shigo masa gida da zancen aure.

Yaya ya zare makullin motar ya jefa a aljihu, ya ce kafin ya sami lokacin kai ta babban gareji, Mai Kemis zai riƙa kai su asibiti. Ya koma garinsa.

Maganar Yaya ta zauna wa Auta a rai kamar ƙaya. Ta tuna yadda aka tsaya a ƙofar asibiti Baba yana gumi. Ta ɗauki waya ta rubuta: "Ka faɗa mini gaskiya. Da gangan kake barin motar tana yoyo? In haka ne ka cuce ni, don da ran mahaifina ka yi wasa. Kada ka sake zuwa."

Amsar ba ta zo da wuri ba. "Wallahi ban taɓa ba. Ba zan ɓoye miki ba, duk ranar da kika ce ya ɗiga sai na ji daɗin zan gan ki, kuma ina jin kunyar hakan. Amma hannuna bai taɓa yin ha'inci a motar Baba ba. Akwai abin da ban gano ba tukuna. Zan bi umarninki."

Ta kife wayar. Shi kuma bai sake turowa ba.

Gidan ya rufe a kanta gaba ɗaya. Mai Kemis mutum ne mai fara'a, motarsa da sanyi da ƙamshi, amma shagonsa ba ya barinsa. Yau ya zo a makare, gobe ya ce a yi haƙuri. In ya zo kuma hirarsa duk ta gidan da yake ginawa ce, yana magana a kan Baba kamar ba ya cikin motar. Ranakun gashi suka riƙa wucewa. Ƙafar Baba da ta fara saki ta soma sandarewa.

Auta ta daina tsayawa a tagar kicin. In Baba ya yi barcin rana sai ta fita tsakar gida, ta buɗe motar da ba a kulle ba, ta zauna a kujerar direba ta ja murfin. Nan ne kawai za ta yi kuka ba a ji ba. Zafi kamar tanda, amma ta fi son hakan.

Wata rana tana ciki, goshinta a kan sitiyari, ta ji wani ƙara kiii-kiii a hankali. Ta ɗago. Baba ne a bakin baranda. Ta bar shi a kan keke a ɗaki yana gyangyaɗi, ashe da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ya jawo kansa, abin da bai taɓa yi ba. Numfashi yake da ƙyar, yana kallonta ta cikin gilashi.

Ta fito da gudu tana goge fuska, tana cewa ƙura ce ta shiga mata ido. Baba bai kula zancen ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Kira... yaron."

Ya sa ta ɗauko wata tsohuwar jakarsa a saman durowa. Makullin motar na biyu yana ciki.

Mai Giya ya iso da wani abu naɗe a buhu a bayan babur. Ya rame. Ya gaishe da Baba, ya gaishe ta ba tare da ya ɗago ido ba, ya shige ƙarƙashin mota. Da ya sauke kaskon ya wanke, sai ya kawo shi gaban Baba, ya ɗora ƙarfen awo a kan leɓen kaskon ya ɗaga wajen haske. Haske yana ratsowa ta ƙasa. Bakin kaskon ya lotsa a wajen ramukan noti, tun wani tsohon ɗauri da aka yi masa da ƙarfi. Ya ce ko roba nawa aka saka ba za ta zauna daidai ba, kuma da tun farko ya auna da bai wahalar da su ba. Tun ranar da aka hana shi zuwa zarginsa ya koma kan kaskon, ya riƙa yawo wajen masu kayan tsofaffin motoci, sai da ya samo kasko mai lafiya irin nata. Shi ne a buhun.

Ya ɗaura, ya zuba mai, ya tayar da injin ya bar shi ya yi zafi, yana bin giyar ɗaya bayan ɗaya. Ya sake shiga ƙarƙashi da farin tsumma ya bi gefen kaskon duka. Tsumman ya fito fari.

Auta tana tsaye jikin ginshiƙin baranda. Ta ce masa ya yafe mata. Ya ce ai ko shi ne a matsayinta abin da zai zata ke nan.

Baba ya buga hannun kekensa, ya nuna wa saurayin tabarma. Ya yi magana mai tsawo, Auta ta buɗe baki za ta fassara ta kasa. Baba ya sake maimaitawa, a hankali, yana kallon saurayin ido cikin ido, har shi ma ya gane.

"In ka... ɗauke ta... ni fa?"

Ba wanda ya taɓa jin Baba ya faɗi tsoronsa. Hawaye yana bin ɓarin fuskarsa da ba ya motsi.

Mai Giya ya matso kusa. "Baba, ban zo raba ka da ita ba. Hannu biyu ne suke ɗaga ka, ina roƙon ka bari su zama huɗu. Ita ma ta samu ta huta, ta koma karatunta in tana so."

Ya ce ya lura da ɗakunan nan na gefe da aka gina wa Yaya bai zauna ba. In Baba ya yarda zai gyara su, ya fasa musu ƙofarsu ta waje, a bar wata ƙarama ta cikin gida. Ya san za a yi masa dariya a layin makanikai, a ce ya tare a gidan surukai. Mahaifiyarsa ma da ya fara gaya mata sai da ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa da kyau ba, daga baya ta ce yarinyar da ta riƙe ubanta haka ba za ta yar da miji ba.

Baba ya juya wajen Auta ya ɗaga gira. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba ya yi wata 'yar dariya, ya ce ya ji amsar.

Yaya ne ya rage. Da aka kira shi ya fara faɗa, Baba ya sa aka kara masa wayar a kunne. Da bakinsa ya yi maganar, ba mai fassara, ya ɗauki lokaci, Yaya kuma dole ya yi shiru ya saurara. Ya ce masa ya haifi 'ya'ya da yawa amma ɗaya ya bari ta ɗauki kayan kowa, shi ma da nasa laifin. Daga yanzu kowa zai riƙa zuwa yana karɓarta, har shi babban. Can cikin wayar aka ji Yaya ya ce, "To, Baba." Mai Kemis kuwa da labari ya kai masa ya yi fatan alheri, ya ci gaba da gininsa.

Ranar da magina suka fasa bangon, Auta ta tsaya tana kallon hasken titi yana shigowa ta inda tun tasowarta bango ne. Wayarta ta yi ƙara.

"Direbata, wane launi za a shafa wa ƙofar?"

Ta rubuta: "Duk wanda kake so, Injiniyana. Ni dai ta riƙa buɗuwa."

An ɗaura aure wata safiya mai haske. Gidan da ya saba da shiru ya cika da yayye da jikoki da hayaniya. Makanikai suka zo cikin fararen kaya, suna tsokanar ango wai yau an ga kalar hannunsa ta gaskiya. Yaya ne da kansa ya yi wa Baba wanka ya saka masa kaya, ya fito jiƙe sharkaf yana haki, ya tsaya gaban ƙanwarsa. Ya ce, "Auta, ashe haka kike fama?" Ya dafa kanta ya wuce da sauri.

Da yamma aka kawo su gaban Baba, suka durƙusa. Ya kamo hannunta da hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan na mijinta. Ya yi addu'a a hankali, kalma tana jiran kalma, ba wanda ya gaggauta shi. Ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'yan da za su ji ƙansu, ya sa abin da ta yi masa ta tarar da shi a gaba. Ɗakin ya amsa da amin.

Auta ta miƙe, ta gyara masa filo, ta fara gaya wa Yaya lokacin magani da yadda ake juya shi ta ɓarin hagu. Baba ya kama gefen mayafinta ya ɗan ja.

"Ya isa," ya ce, kuma kowa ya ji shi sarai. "Je ki gidanki, 'yata. Allah ya yi miki albarka."